Yadda Ake Sayen Kayan Awo da Kayan Aiki Don Teburin Haɗa Na'urorin Lantarki a Gida

Mai sha'awar haɗa ƙananan na'urorin lantarki, ko gyaran rediyo da caja da fitilar sola, yakan rasa abin da zai fara saya, domin kasuwa cike take da kaya, kuma babu mai shagon da zai hana shi sayen abin da ba ya buƙata. A ganina, tsarin sayen ya fi yawan kayan muhimmanci. A zuba kuɗi a kan abubuwa uku da hannu ba ya rabuwa da su, wato mita (na'urar auna bolteji da karent da juriya) da ƙarfen liƙi da na'urar bayar da wuta, sannan a bar sauran har sai aikin da kansa ya nuna cewa lokacinsu ya yi.

Mataki na farko: tantance aikinka da wutar ɗakinka

Kafin ka fitar da ko kwabo, ka yanke shawarar irin aikin da za ka fi yi. Wanda zai tsaya a kan Arduino (ƙaramin fanel da ake rubuta wa umarni ta kwamfuta) da batura da da'irori masu bolt 5 ko 12 yana da sauƙin buƙata, amma wanda zai riƙa buɗe inbata ko talabijin ko cajar kwamfuta ya shiga hurumin wutar da take iya kisa, kuma dole kayansa su dace da wannan haɗari.

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, a Nijar kuma 220, alhali ta Amurka 120 ce. Saboda haka duk na'urar da aka kawo daga can, musamman ta hannu, sai an duba rubutun da ke bayanta. Idan an rubuta 100 zuwa 240, babu matsala, idan kuwa 110 ko 120 kaɗai aka rubuta, jona ta kai tsaye zai ƙona ta nan take. Haka kuma ya kamata ka sa mai wayarin ya tabbatar maka cewa wayar ƙasa ta soket ɗin teburinka a haɗe take, domin a gidaje da yawa ramin yana nan amma babu abin da aka jona masa.

Mataki na biyu: mita

Mita ce idon mai wannan aiki, kuma a nan ne bai kamata a yi ƙwauro ba. Ƙaramar mitar nan mai araha, samfurin DT830, wadda ake samu kusan a kowane shagon kayan wuta, tana iya auna batir da rizisto, kuma mutane da yawa da ita suka fara. Sai dai tana da rauni guda biyu da ya kamata a sani. Na farko, ramin da ake auna amfiya 10 da shi galibi ba shi da fiyus. Idan mutum ya manta jar wayar a wannan rami, sannan ya ɗora tsinkayen a kan batirin sola ko a soket da nufin auna bolteji, to ya haɗe wutar kai tsaye ta cikin mitar, kuma batirin sola yana iya tura ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido, har wayar ta narke a hannunsa. Na biyu, juriyar shigarta megaom 1 ce kawai, alhali ta mita mai kyau 10 ce, don haka a wasu da'irori takan janye wutar da ake son aunawa ta ba da lamba ƙasa da ta gaskiya.

Mitar da ta dace a nema ita ce wadda take zaɓar ma'auni da kanta, take yin ƙara nan take idan an haɗa tsinkayenta biyu, take gwada dayod da kafasito, kuma take nuna lamba har zuwa 6000 a fuskarta. A duba alamar CAT da ke kusa da ramukan wayoyi, wadda ta samo asali daga ƙa'idar IEC 61010: CAT II ta kayan da ake jonawa a soket ce, CAT III kuma ta allon rarraba wuta da wayarin gini. Amma rubutu a jikin roba ba shi da wuyar bugawa, shi ya sa nake ba da shawarar a nemi mai shago ya buɗe murfin baya a ga fiyus. Idan fari ne na tangaran mai kauri, wanda ake cika cikinsa da yashi domin kashe tartsatsi, alama ce mai kyau. Idan ɗan siriri ne na gilashi, to wannan mita ta aikin batir ce, kada a kai ta kan wutar gida.

Akwai kuma rubutun True RMS, wanda wasu ke ɗauka ado ne. Mita ta gama-gari an saita ta ne a kan wutar AC mai tsabtataccen zubi, don haka idan aka auna ƙaramar inbata mai araha da ita, wadda wutarta take fita a kakkarye, lambar da za ta nuna ba daidai ba ce. A inda inbata da janareto suka zama ruwan dare, wannan ƙarin kuɗi ba asara ba ne. Kamfanin Fluke ya yi suna wajen inganci, amma kayansa suna da tsada kuma jabunsu suna yawo. Mai farawa zai samu biyan buƙata a matsakaitan mitocin UNI-T da makamantansu.

Ka tafi kasuwa da sabon batir mai bolt 1.5 da rizisto guda ɗaya wanda ka san ƙimarsa. Sabon batir ya kamata ya nuna kusan 1.6, rizisto ya nuna abin da ke kusa da ƙimarsa, idan kuma ka haɗa tsinkayen biyu a ma'aunin om, lambar ta sauka ƙasa da om ɗaya ta tsaya cak. In tana rawa yayin da kake lanƙwasa wayar, to wayar ta karye daga ciki.

Mataki na uku: ƙarfen liƙi da dalma

Ƙarfen liƙin da ake jonawa kai tsaye a soket ba shi da abin daidaita zafi. Idan wuta ta yi ƙasa ba ya narkar da dalma, idan ta yi sama kuma yakan yi zafin da zai ɗaye siraran layukan tagulla daga jikin fanel. Abin da ya fi shi ne mai akwatin saita zafi, irin samfurin 936 wanda asalinsa na kamfanin Hakko ne na Japan, ko kuma mai amfani da bakin T12, wanda abin ɗumama shi yake cikin bakin kansa, shi ya sa yake zafi cikin daƙiƙoƙi kaɗan kuma yake saurin maido da zafinsa idan ya taɓa babban ƙarfe. Ga wanda ɗaukewar wuta ta dama, akwai ƙanana irin Pinecil da TS101 masu aiki da wutar DC ko ta USB-C. Suna tashi a batir mai bolt 12, ko da yake ƙarfinsu ya fi fitowa a kan cajar kwamfuta mai bolt 19 ko 20.

Kada ka saya sai ka tabbatar ana samun bakinsa a kusa da kai, domin baki shi ne abin da yake cinyewa. Masu farawa sukan zaɓi mai tsini kamar allura da zaton ya fi dacewa da ƙananan abubuwa, alhali mai ɗan faɗi, na milimita 2 ko kusa da haka, shi ya fi isar da zafi ga wurin da ake liƙewa. Ba a kankare shi da wuƙa ko magagari, saboda rufin ƙarfen da ke kansa siriri ne, kuma da zarar ya tafi dalma za ta fara cin tagullar da ke ciki.

Ita dalmar liƙi gauraye ce ta kuza da dalma. Mai lamba 63/37, wato kuza kashi 63 da dalma kashi 37, tana narkewa a digiri 183, mai 60/40 tana kusa da haka, wadda ba ta da dalma a ciki kuma sai ta kai wajen 217, kuma ta fi wuyar sarrafawa ga sabon hannu. A nemi mai kaurin milimita 0.6 zuwa 0.8 wadda take da man liƙi a cikinta, a saita ƙarfen tsakanin digiri 320 da 350. Akwai marar kyau da yawa a kasuwa, kuma gane ta ba wuya: idan an narkar da ita ba ta malala, sai ta dunƙule ta yi duhu-duhu. Kada a yi amfani da man liƙin masu gyaran famfo ko lagireto, domin yana da asid mai cin fanel. A wanke hannu bayan aiki, a kuma ajiye ƙaramar fanka da za ta kawar da hayaƙin daga fuska.

Mataki na huɗu: ƙananan kayan hannu

A nan ba sai an tsawaita ba. Ana buƙatar ƙaramin abin yanke ƙafafun kayan haɗi, filaya mai dogon baki, hantsaki, abin feɗe waya, saitin ƙananan sukudireba, abin zuƙe narkakkiyar dalma, gilashin ƙara girma, da allon gwaji mai ramuka tare da wayoyinsa. Abu guda da nake so a ƙara shi ne madaurin hannu mai sauke wutar jiki zuwa ƙasa ta cikin rizisto mai megaom 1. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har mutum yana jin tsartuwa idan ya taɓa ƙofar mota, wannan wutar tana iya lalata ayisi (IC, ɗan ƙaramin abin haɗi mai ƙafafu da yawa) ba tare da an ga wata alama ba.

Mataki na biyar: na'urar bayar da wuta

Mutane da yawa suna jinkirta sayen wannan, suna gwaji da tsohuwar caja, kuma a nan ne ake asarar kayan haɗi. Amfanin na'urar teburi ba ya tsaya ga sauya bolteji ba, babban amfaninta shi ne iyakance karent. Idan ka haɗa sabuwar da'ira, sai ka saita iyakar a miliamfiya 100 kafin ka kunna. In akwai kuskure a haɗin, fitilar CC, mai nuna cewa karent ya kai iyaka, za ta kama, bolteji ya faɗi, ka samu damar binciken matsalar ba tare da komai ya ƙone ba. Mai bolt 30 da amfiya 5 ta wadatar da yawancin ayyukan gida. A shago, ka saita ta a bolt 5 ka auna da mitarka, sannan ka rage iyakar karent ka haɗa wayoyinta biyu ka ga ko CC ta kama. Idan kuɗi bai kai ba, cajar kwamfuta haɗe da ɗan fanel mai rage bolteji irin na XL4015, wanda yake da wurin saita karent, za ta riƙe ka na tsawon lokaci.

Mai gyaran kayan da ake jonawa a soket ya haɗa wa kansa fitilar gwaji, wato ƙwan fitila mai zare na wat 60 ko 100 da aka jera a kan layin wuta kafin soket. Idan na'urar da aka gyara tana da sauran haɗewar wuta, ƙwan zai haska sosai ya tare karent ɗin. A kuma tuna cewa babban kafasiton da ke cikin caja ko talabijin yana ɗaukar kimanin bolt 325, kuma yana iya riƙe ta bayan an cire filogi, don haka a auna shi kafin a kai hannu.

Mataki na shida: abubuwan da za su iya jira

Ƙaramar na'urar gwada kayan haɗi, irin LCR-T4 ko TC1, ba ta da tsada, kuma tana gane tiransisto da ƙafafunsa, tana kuma nuna kafasiton da ya gaji ko da bai kumbura ba. Mai aiki da Arduino zai amfana da na'urar karanta siginar dijital mai layi 8, wadda take aiki da manhajar PulseView ta kyauta, tana fassara saƙonnin da ayisi suke aika wa juna ta hanyoyin I2C da SPI da UART.

Osiloskof kuwa, lokacin sayensa shi ne ranar da mita ta nuna lamba daidai amma da'ira ta ƙi aiki, kana buƙatar ganin siffar siginar da idonka. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce saurinsa ya ninka na siginar da za a duba sau biyar. Rigol DS1054Z, wanda ya fito a 2014 da layi 4 da megahaz 50, ya daɗe yana zama na farko ga masu koyo. Ɗan ƙaramin DSO138 mai kilohaz 200, wanda mai saye yake liƙa kayansa da kansa, ya fi amfani a matsayin darasin liƙi. Idan osiloskof da aka riga aka yi amfani da shi za ka saya, ka jona tsinkensa a wurin gwajin da ke gabansa, ka ga siginar kilohaz 1 mai kusurwa huɗu ta fito tsaf a kowane layi. Ka sani kuma cewa maƙalin ƙasa na tsinken a haɗe yake da wayar ƙasa ta soket, saboda haka maƙala shi a ɓangaren wutar gida na caja ko inbata yana haddasa fashewa.

Mataki na bakwai: inda za a saya

A Kano ana samun kayan wuta da na liƙi a Sabon Gari, musamman wajen titin Faransa, kayan gyaran waya kuma a Farm Centre. A Abuja akwai Banex, a Legas kuma Alaba da Computer Village. Mita da ƙarfen liƙi da na'urar bayar da wuta sun fi dacewa a saye su hannu da hannu, a gwada su a gaban mai shago, a kuma yi magana a kan sharaɗin mayarwa kafin a biya. Ƙananan abubuwa irin bakin ƙarfe da fanel-fanel da na'urar gwada kayan haɗi sukan fi araha ta intanet, amma a zaɓi na bolt 220 a wurin yin oda, a duba irin filogin da za a turo, a kuma haɗa da bakin ƙarfe biyu ko uku da fiyus ɗin mita na ajiya a cikin oda ɗaya, domin irin wannan fiyus na tangaran ba kowane shago yake da shi ba.