Yadda Ake Fita Yawon Keke a Bazara

Tun daren Juma'a ka duba iskar tayoyi da birki, ka ɗiga wa sarƙa mai. Saka famfo da kayan faci a jaka, domin ƙaya ta yi yawa a hanyoyin ƙauye, kuma ba kowane gari ke da mai faci ba.

Ranar Asabar ku tashi da an idar da sallar Asuba. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40 a Kano, don haka wanda ya kama hanyar Wudil ko Gaya ya juyo kafin ƙarfe 10. Kowa ya riƙe gorar ruwa biyu, ya riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa ta kama shi.

A titi ku jeru ɗaya bayan ɗaya a gefen dama, saboda manyan motoci. Idan wani ya ji jiri, ku tsaya a inuwa, kada a bar shi shi kaɗai.