Kurakuran da ake yi wajen koya wa yara karatun Larabci ta hanyar wasa

Sau da yawa aji zai kaure da tafi da sowa, amma a tashi yaro bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Yawanci matsalar daga tsarin wasan take. Malam ya ɗaga kati, yara su ce "ba'un", "jimun", a yaba musu. Sunan harafi kaɗai ba ya kai yaro ga karanta كَتَبَ. Da zarar sun riƙe babbaƙu huɗu ko biyar, a sa musu fataha da kisira da rufu'a, abin da za a riƙa nema a wasan ya koma ba, bi, bu.

Wani kuskuren shi ne yanka kwali a rubuta haruffa 28 kowanne a tsaye shi kaɗai. Yaron da ya san ه a haka, in ya gamu da shi a tsakiyar kalma sai ya tsaya cak. A yi wa harafi katin farko da na tsakiya da na ƙarshe, wasan ya zama nemo 'yan gida ɗaya. Haruffa shida da ba sa haɗuwa da na gabansu, ا د ذ ر ز و, a rubuta su da jan alƙalami.

Akwai abin da malamai kan ɗauka rashin ƙoƙari ne, alhali ba shi ba ne. Yaron da ya fara da makarantar allo ya saba da rubutun Warshu, inda fa'un ke da ɗigo a ƙasa, ƙafun kuma ɗigo ɗaya a sama. In ya ga ف a katin malam, ƙafun zai ce. Kada a cire masa maki. A ajiye rubutun biyu gefe da gefe, a nuna masa bambancin tun kafin a fara.

Kunne ma na bukatar nasa wasan, domin bakin Bahaushe kan mai da س da ص da ث abu guda, haka ح da ه. Malam ya furta, yara su ɗaga kati, biyu-biyu ake gwamawa.

Sai wasan "wanda ya faɗi ya fita", wanda ya kamata a bari kwata-kwata. Mai rauni ne ke fara fita, ya koma ɗan kallo, shi da ya fi kowa bukatar maimaici. A kasa aji rukuni-rukuni, yara biyar ko shida, kowa da katinsa a hannu, wanda ya kuskure a sake zagayowa kansa. Minti goma ya wadatar, daga nan a buɗe littafi su nemo haruffan a cikin layi.