Yadda Ake Mayar da Tambari Mai Motsi Zuwa 50i Ba Tare da Ya Yi Karkarwa Ba

Wani gidan talabijin ya taɓa dawo min da talla, wai tambarin yana karkarwa. A kwamfutata kuwa lafiya lau yake. Sai da na jona aikin da tsohuwar talabijin ɗin shagonmu na ga harafin farko yana gaba yana baya kamar mai zazzaɓi.

Ga ɗaya daga cikin tushen irin wannan matsalar. Yawancin tamfilet (shiryayyen aikin da za ka ɗora naka a kai) na manhajar haɗa hoto mai motsi ta After Effects da muke saukowa daga intanet an gina su ne a kan firem (hoto guda) 29.97 ko 30 a sakan, lissafin Amurka. Mu tsarin talabijin na PAL muka gada, firem 25. Kuma a 1080i50, tsarin hoton talabijin da ake taƙaitawa da 50i, kowane firem kashi biyu ne, layukan mara da na cika, wato rabin hoto 50 a sakan. In ka jefa fayil mai 30 a kan aikin 25, manhajar za ta zubar da firem ɗaya cikin kowane shida. Tsallen da kake gani ke nan.

In ainihin aikin yana hannunka, kada ka wahalar da kanka da juya fayil. Buɗe Composition Settings ka mayar da shi 25. After Effects da lokaci yake lissafin motsi, don haka tsawon aikin ba zai canza ba. Leƙa ƙananan haɗe-haɗen da ke ciki ma, wani lokaci an kulle su a kan 30. Wajen renda, wato fitar da bidiyon, a Field Render zaɓi Upper Field First, wato a fara da rabin hoto na sama, shi ne na 1080i. Tsohon kaset ɗin DV ne ke fara da na ƙasa, kuma sa na ƙasan da na yi bisa kuskure shi ya jawo min waccan karkarwar. Allon kwamfuta ba ya tona wannan asirin.

In kuwa fayil kawai aka ba ka, duba gudunsa. In mai firem 50 ne ka yi sa'a, kowane firem ya zama rabin hoto. Mai 24, shiga Interpret Footage ka ce a karanta shi a 25. Zai ƙara sauri da kusan kashi 4 cikin 100, ba mai lura. Mai 30 ma haka nake yi masa in babu magana a ciki, sai dai sakan 10 zai koma 12, kiɗan kuma ka sake ɗora shi daban. Optical Flow na manhajar Premiere, mai ƙirƙiro sababbin firem a tsakani, ni ban cika yarda da shi a kan rubutu ba, yana narkar da gefen haruffa.

Siririn layi mai kaurin fiksel (ɗigon hoto) ɗaya kuma ƙyaftawa zai yi ta yi, domin a rabin hoto ɗaya kawai yake bayyana. Mayar da shi biyu, ko ka sa masa Reduce Interlace Flicker kaɗan. Sunayen da ke hawa sama a ƙarshen shiri, ka ba su gudun fiksel 100 ko 200 a sakan, ban da 150.

Kafin ka miƙa, kalle shi a talabijin ta gaske, ka zuba ido a inda tambarin ya fi gudu.