Kafin ki sayi rigar sikirob ta farko

Ɗiyar yayata ta samu gurbin karatun jinya bana. Tun ba a gama biyan kuɗin makaranta ba ta turo min hotuna goma sha ɗaya ta WhatsApp, duk na rigunan sikirob, wato rigunan aiki masu gajeren hannu da ma'aikatan asibiti ke sawa: wata ruwan hoda, wata mai zanen furanni, wata an tsuke ta a ƙugu kamar za a je kamu. A ƙasa ta rubuta, "Anti, wacce zan ɗauka?" Na ce mata ta ajiye kuɗinta tukuna, ta zo gida mu yi magana. Abin da na faɗa mata a tsakar gidanmu a Tudun Wada shi zan maimaita a nan. Da mata nake magana saboda su suka fi tambayata, amma ƙannena maza, galibin zancen ya shafe ku.

Launi ba ke za ki zaɓa ba, makaranta ce. A Zariya kaɗai akwai makarantar jinya ta asibitin koyarwa a nan Tudun Wada, akwai sashen jinya na Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma ta St. Luke's a Wusasa, kowacce da nata tsarin sutura. A wurare da yawa farin yunifom ne na shiga wod, sikirob sai an tura ki tiyata ko ɗakin haihuwa. Ga kuma jarrabawar PTS, ta tantance sababbin ɗalibai, a gabanki, wadda sai kin tsallake ta za ki san kin zauna daram. Saboda haka ki jira takarda, sannan ki nemi wata 'yar aji biyu ta nuna miki tata rigar ido da ido. Kada ki yarda da "shuɗi ne kawai". Ni da shuɗi kawai aka ce min na je kasuwa, na dawo da mai duhu kamar an tsamo shi daga rini, alhali ana son mai hasken sararin sama. Matiron ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "'Yata, ke wace makaranta ce ta turo ki?" Riguna biyu ke nan da suka koma na wanke-wanke. In za ki iya, ki karɓi ƙyallen yadin ki sa a jaka, ki gwada shi da na mai shago a bakin ƙofa cikin rana, don fitilar shago ƙarya take yi.

Af, in kina mamakin dalilin da kayan tiyata suka fi zuwa kore ko shuɗi: idon da ya daɗe yana kallon jan jini, in ya juya ga farin abu sai ya riƙa ganin dishi-dishin kore. A kan koren yadi wannan ba ya damun mai aiki.

Yadi shi ne inda nake so ki ɓata lokaci. Ki juya rigar ki karanta ɗan ƙyallen da ke wuya ko a gefen ciki. Auduga zalla tana da daɗi a zafin Maris da Afrilu, tana shan gumi, amma tana tsukewa bayan wankin farko, tana koɗewa, ga yamutsewa. Ranar da babu wuta kuma babu gawayin dutsen guga, za ki shiga wod kamar an ƙwato ki daga bakin kura. Poliyesta zalla ba ta neman guga, tana bushewa nan da nan, sai dai gumi ba ya shiga cikinta, a jikinki yake zama, kafin azahar ke kanki kin fara jin tsamin hammata. Da hunturu kuma ta riƙa manne miki a jiki tana tartsatsi. Gauraye nake saya, wanda aka rubuta poliyesta 65, auduga 35, ko abin da ya yi kusa da haka. Akwai masu ɗan sifandes a ciki da ke sa riga ta miƙe idan kin motsa. Suna da daɗin sawa, amma guga mai zafi da bilic suna kashe robar, rigar ta saki ta zama buhu.

In yadi za ki yanka babu takarda a jikinsa, ga yadda wani dattijon tela ya koya min. Ki damƙe gefensa a tafin hannu ki ƙirga goma ki saki: in layukan sun zauna raɗam, auduga ta yi yawa. Ki ɗaga shi ki sa hannu a baya ki fuskanci rana: in kina ganin yatsunki, za a ga abin da ke ƙarƙashin rigarki. Sannan ki roƙi ɗan zare daga bakin yadin ki kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, poliyesta kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi ɗan ƙwallo mai tauri da warin leda. Mai shagon da ya hana ki wannan gwajin, ki yi masa sai an jima.

Sai girma. Madubi ba zai gaya miki komai ba, domin a tsaye ƙyam kike kallon kanki, aikin kuwa ba a tsaye ake yin sa ba. Ki sa rigar ki ɗaga hannu biyu sama kamar za ki rataya ledar ƙarin ruwa: in cibiya ko bayanki ya fito, ta yi gajarta. Ki rungume kanki: in kafaɗa ta ɗaure, ranar da za ki danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, ɗinkin baya zai yage. Ki tsuguna kamar za ki duba ledar fitsari a ƙasan gado. Na ƙarshe, wanda ya fi duka: ki yi ruku'u a gaban madubi ki kalli wuyan rigar.

Wannan na ƙarshen a jikina na koye shi. Ina aji biyu, aikin dare, muna gyara wa wata tsohuwa kwanciya. Na sunkuya na sa hannu a ƙarƙashin kafaɗarta, sai na ji ta kama bakin wuyan rigata da yatsu biyu ta ja shi sama a hankali, ta ce cikin raɗa, "'Yar nan, jikokina maza na bakin ƙofa." Ba ta ƙara ko kalma ba. Har gari ya waye hannuna ɗaya na kan ƙirji. Washegari na kai wa tela ya ɗinke min inci biyu a ƙasan wuyan. Yawancin sikirob wuyansu mai tsini ne zuwa ƙasa, kuma na waje an yanka su da zurfi. Ko ki nemi mai ɗan ƙyalle a tsakiya, ko mai zagayayyen wuya, ko ki sa 'yar shimi mai rufe ƙirji a ciki.

A awo, ki auna inda ƙirji ya fi faɗi ki ƙara kamar inci huɗu. Tsawo ya sauko ya rufe mazaunai, da 'yar tsaga a kowane gefe don zama da tsuguno. Kada kuma kunya ta sa ki sayi burmemiya. Riga mai yalwa da yawa tana kama hannun ƙofa da ƙarfen gado, tana share tiren da aka jera kayan wankin ciwo. Haka ɗan hijabin aiki: gajere, a cusa bakinsa cikin wuyan riga, kada ya riƙa lilo a kan majinyaci.

Hannun sikirob gajere ne da gangan, saboda a wanke hannu har gwiwa, kuma dogon hannu yana kwasar ƙwayoyin cuta daga wannan gado zuwa wancan. Da yawanmu muna sa riga mai dogon hannu a ciki. In za ki yi haka, ki zaɓi mai kama jiki wadda za ki naɗe ta wuce gwiwar hannu ta tsaya, kuma ki tambayi sistar da ke riƙe da wod ɗin tun ranar farko, don akwai ɗakunan da ba a yarda da ita ba sam.

Aljihu kuwa, biyu a ƙasa, masu zurfin da tafin hannunki zai shige duka. Biro biyu, ja da shuɗi, almakashi, filasta, ɗan littafin rubutu, duk nan za su zauna. Aljihun ƙirji na biro ne da maƙala agogo, ba na waya ba. Tawa ta taɓa zamewa daga can ta faɗa bokitin ruwan Jik ina tsame kayan aiki, kuma ba ta sake tashi ba. Ki ja bakin aljihun da yatsa ki ga ko an maimaita ɗinki a kusurwa, nan ne yake fara ɓarkewa.

A ina za a saya? Hanya uku ce. Sababbi na kanti irin su Cherokee da Dickies suna da ƙarko, amma kuɗinsu ba na ɗaliba ba ne, ga jabu ya cika gari. Gwanjo a kasuwar Sabon Gari, in kin yi sammako ranar da aka fasa dila, za ki iya tsintar irin waɗannan ɗin da araha. Ki duba hammata da bakin aljihu, ki guji mai sunan wani asibitin waje a ƙirji. Ki sani kuma awon Amurka ya fi na Sin girma nesa ba kusa ba, M ɗin wancan kan yi L ko XL ɗin wannan, don haka masu oda ta intanet su nemi awo da inci, su bar harafi. Ni dai tela nake kai wa. Sharaɗina uku: in wanke yadin ya gama tsukewarsa kafin almakashi ya taɓa shi, in kai masa tsohuwar riga ya kwaikwaya, kuma kada in kai ana saura sati biyu Sallah. Ki ce masa ƙarara, "Malam, ban da shef, ban da ado." In ba haka ba hannunsa ya saba da ɗinkin biki.

Guda uku sun isa farawa: ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya a goge. A watan Agusta riga kan kwana biyu ba ta bushe ba, a nan za ki gode wa ta ukun. Amma ki fara da ɗaya, ki yi sati da ita, in ta yi sai ki ƙaro.

Kada ki sa ta a hanya. Daga Tudun Wada zuwa Shika, inda babban asibitin koyarwar yake, sai kin ratsa Kwangila da Samaru, ƙura da cunkoson mota duk a jikinki za su sauka, in kin taso kuma abin da kika kwaso a wod ki kai wa yaran gida. Ki ninke ta a leda, ki canja a can. A gida a wanke ta ita kaɗai. Jini da ruwan sanyi ake fara cire shi, ruwan zafi dafa shi yake ya zauna har abada. Jik ko Hypo in ya ɗiga a mai launi, farin tabon ba ya fita, don haka ki ɗaura afron na roba a kan rigar duk lokacin da za ki haɗa ruwan. A shanya ta a juye, a inuwa in da hali.

Ɗiyar yayar tawa ta samo ƙyallen daga wata 'yar ajin gaba, mun kai wa tela ranar Asabar. Da aka gama na ba ta alƙalamin da ba ya wankuwa ta rubuta sunanta a cikin wuyan, domin a igiyar hostel riguna arba'in ne iri ɗaya.