Idan an ɗora maka hatsarin da ba ka yi ba

'Yan uwa masu mota, idan kamfanin inshora ya kira ka wai wani ya ce motarka ta buge tasa, alhali ba ka san zancen ba, kada ka tsaya gardama a waya. Rubuta musu takarda ka musanta, ka nemi rana da wurin da aka ce an yi hatsarin, hotuna da rahoton 'yan sanda. Riƙe kwafin da suka buga wa hatimin karɓa. Ɗauki hoton motarka gaba da baya, lamba ta fito sosai, kafin bakanike ya taɓa ta. Rasit ɗin gidan mai na ranar ma shaida ne. In suka yi kunnen uwar shegu, kai koke NAICOM, hukumar kula da inshora ta Najeriya, ko FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya da ayyuka. Don Allah kada ka sa hannu a takardar amsa laifi.