Yadda ake zaɓe tsakanin kalar fenti biyu kafin a sayi bokiti

Kuskuren masu sabon gida, musamman in biki ya matso, shi ne mutum ya tsaya a shagon fenti a Sabon Gari, ya ɗora yatsa kan ɗan katin kaloli ya ce wannan. Katin ko tafin hannu bai kai ba, kai kuwa falo guda za ka shafe.

A ce ruwan madara da ruwan toka ne suka raba maka hankali. Kar ka taɓa bokiti mai lita 20 tukuna. Nemi kaɗan na kowanne. In galan mai lita 4 ya yi tsada, mai fentinka ba ya rasa ragowa a gwangwani.

Shafa kowanne a bangon ɗakin, faɗin kamu biyu, ka bar tazara tsakaninsu don kada ɗaya ya rinjayi ɗaya a ido. Shafi biyu za ka yi, ka bar na farko ya bushe. Fentin ruwa yana sauya kama in ya sha iska, saboda haka kar ka yanke hukunci yana ɗanye. Ka maimaita a bangon da ke fuskantar taga da kuma lungun da haske ba ya kai wa.

Sai kallo, kuma nan ne na taɓa ƙonewa. Da hantsi na duba ruwan toka a falona na Samaru, ya yi kyau, na biya. Da daddare aka kawo wuta, farin ƙwan lantarki ya mayar da shi shuɗi-shuɗi, ɗakin ya yi sanyi kamar ofis. Uwargida ta dubi labulenta ruwan goro ta dube ni, ba ta ce komai ba. Don haka ka duba da safe, da azahar, bayan magariba da ƙwan da za ka riƙa kunnawa, har da fitilar caji, tunda rabin darenmu da ita muke yi. Ka jingina matashin kujera da gefen labule a jikin kowace kala.

Ni dai a Zariya ruwan madara nake ba mutane shawara: jar ƙurar hunturu tana sajewa da shi. A zaure da inda yara ke jan hannu kuma, fentin mai daga ƙasa zuwa ƙugu, ana goge shi da tsumma.

In ka zaɓa, sayi duka lokaci ɗaya. In haɗawa za a yi da hannu, a haɗa gaba ɗaya a babbar roba, don haɗin gobe ba zai zo daidai da na yau ba.