Ba Kowace Mara Ce Firam Ba: Kurakuran Ɗalibai a Kan Manyan Lambobi

Duk shekara idan jarrabawar JAMB ta matso, nakan rubuta 1,000,001 a allo a darasin yamma da nake koyarwa a Gwale, in tambayi yara wace irin lamba ce. Sai aji ya ɗauka baki ɗaya: "Malam, firam ce!" Hujjarsu kuwa, wai ta ƙare da 1.

To, a nan gizo ke saƙar. Firam ita ce lambar da ta fi 1, wadda babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Idan lamba ta ƙare da 1, 3, 7 ko 9, abin da ka sani kawai shi ne 2 da 5 ba sa shiga cikinta. Ita 1,000,001 ɗin nan 101 ce sau 9,901. Maƙwabciyarta 1,000,003 ce firam ta gaske, ita ce ma mafi ƙanƙanta cikin firam masu alƙaluma bakwai. A ido kamar tagwaye suke.

Wannan ta biyun takan sake kayar da su. Da sun ga 3 a ƙarshe sai su ce 3 na raba ta. Duban wutsiya na 2 ne da 5 da 10. Ga 3 da 9 kuwa, tara alƙaluman ake yi: a nan jimilla 4 ce, saboda haka 3 ba ta shiga. Ga 4, dubi biyun ƙarshe. Ga 8, ukun ƙarshe.

Ita 7 ce ake yawan tsallakewa don ba ta da dabara mai sauƙi. Na taɓa ce wa wani yaro da ke tsaron shago a Kantin Kwari ya raba turmin atamfa 1,001 ga dillalai bakwai. Ya ce ba zai yiwu ba. Da ya ɗauki biro, kowa ya tashi da 143 cif. Ai 1,001 ɗin 7 ce sau 11 sau 13, shi ya sa duk lamba mai maimaita alƙaluma uku irin 358,358 take rabuwa da ukun nan.

Akwai kuma masu wahalar da kansu, su yi ta gwaji har gari ya waye. Ka tsaya inda lambar gwajin, idan ka ninka ta da kanta, ta wuce wadda kake bincike. Ga 1,000,003, iyakarka 1,000, kuma firam kaɗai za ka gwada, su 168 ne.

A daina sa 1 cikin firam. A daina kuma fitar da 2 daga cikinsu don kawai cika ce, ba mara ba.

Idan yaro ya ji kunya, nakan ba shi labarin Fermat, masanin lissafin Faransa, wanda ya zaci 4,294,967,297 firam ce. Sai a 1732 Euler ya nuna cewa 641 na raba ta, amsa 6,700,417, ba saura.